Gwajin gubar sinadarai a fatar dabbobi: me yake tabbatarwa, me ya sa ake son rage shi?

Shin dole ne sai an aske bayan ɓera, an shafa masa sinadari, an naɗe shi da bandeji, an zauna ana jiran a ga ko zai mutu, kafin a san cewa sinadarin haɗari ne ga fatar mutum? Tambayar ta daɗe a bakin masana guba da hukumomi da masu fafutukar kare dabbobi. Ta ƙara ɗaukar zafi tun daga 2016, shekarar da Tarayyar Turai da hukumar kare muhalli ta Amurka suka fara ɗauke wa kamfanoni wannan gwaji a wasu halaye. A 2023 kuma aka miƙa wa hukumar zartarwar Tarayyar Turai takardar koke mai ɗauke da sa hannun mutum sama da miliyan ɗaya, masu neman a kawo ƙarshen gwaji a kan dabbobi.

Da yawa daga cikin masu tofa albarkacin bakinsu ba su san ainihin abin da gwajin yake aunawa ba. Wani gani yake azabtarwa ce kawai wadda ba ta tsinana wa kowa komai. Wani kuma da ya ga an rubuta a takardar sinadari cewa an gwada shi a fatar ɓera bai kashe ba, sai ya saki jiki ya tsoma hannu ciki babu safa. Na biyun nan ya fi damu na, domin kuskurensa a jikinsa yake ƙarewa.

Gwaje-gwaje uku da ake cakuɗawa

Idan aka ce an gwada sinadari a fatar dabba, abu uku ne daban-daban ake iya nufi, kowanne da tambayar da yake amsawa.

Na farko yana duba ɓarnar da sinadari ke yi wa fatar kanta a daidai inda ya taɓa: ja, kumburi, ƙuna, ko cinye nama. Shi ne ake dangantawa da John Draize, masani a hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wanda ya wallafa tsarinsa a 1944. Zomo ake ɗauka, a ɗora masa rabin giram ko rabin mililita na tsawon awa huɗu, sannan a riƙa ba jan da kumburin maki daga 0 zuwa 4. Na biyu yana duba ko jiki zai tsani sinadarin bayan ya yi ta haɗuwa da shi, ta yadda daga baya ko ɗan kaɗan ya taɓa mutum sai ƙaiƙayi da ƙuraje su feso masa.

Na uku shi ne batunmu, kuma shi fatar ƙofa kawai ya ɗauke ta. Abin da yake tambaya shi ne: idan sinadari ya zauna a kan fata sau ɗaya tak, zai iya ratsawa ya shiga jini ya taɓa hanta ko ƙoda ko jijiyoyi ko zuciya, har ya kai ga kisa? Nawa ne kuma zai isa ya yi hakan? Akwai sinadarin da zai ƙone fata amma ɓarnarsa ta tsaya nan, akwai kuma wanda ba zai bar ko tabo ba alhali ya riga ya shige ciki. Gubar farat ɗaya ake nema a nan, irin wadda ke samun ma'aikaci ranar da bututu ya fashe ko durom ya kife masa a jiki.

Yadda guba ke ratsa fata

Fatar babban mutum ta kai kusan murabba'in mita biyu idan aka shimfiɗa ta, amma abin da ke tsare jiki daga sinadarai ɗan siririn ɓawo ne a can sama, wanda kaurinsa a yawancin jiki bai kai na silin gashi ba. Masana kan kwatanta shi da ginin bulo: matattun ƙwayoyin fata su ne bulon, wani irin maiƙo kuma shi ne simintin da ya riƙe su. Ta cikin maiƙon nan yawancin sinadarai ke bi. Shi ya sa waɗanda suka fi iya ratsawa su ne masu ƙananan ƙwayoyi, masu narkewa a mai kuma suna ɗan narkewa a ruwa. Da yawa daga sinadaran narkar da fenti da magungunan ƙwari haka suke.

Fata kuma ba ɗaya ba ce a ko'ina. A farkon shekarun 1970, Howard Maibach da abokan aikinsa a Amurka sun auna yadda maganin ƙwarin nan paratiyon ke shiga jikin mutum ta wurare daban-daban. A dantse ƙasa da kashi 10 cikin 100 ne ya shiga, a goshi sama da kashi ɗaya cikin uku, a fatar maraina kuwa kusan duka. Zafi da gumi suna ƙara buɗe hanya. Haka ma rauni, ko tsagewar fata, ko ƙuraje. A Faransa a 1972, an samu kuskure wajen haɗa wata hodar jarirai, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta mai suna heksakulorofen ya shiga cikinta da yawa, jarirai 36 suka rasu. Ta fata gubar ta bi, a wurin da ƙunzugu ya rufe ya kuma jiƙe.

Wasu sinadaran masana'antu sun yi ƙaurin suna a wannan fanni. Fenol yakan kashe jin zafi a inda ya zuba, mutum ya ɗauka abin bai yi tsanani ba alhali yana ta shiga jini. Anilin, wanda ake amfani da shi wajen yin rini da roba, yana hana jini ɗaukar iskar numfashi har leɓe ya koma shuɗi. Asid ɗin hidirofulorik kuwa yana ratsawa ya zuƙe sinadarin kalsiyam na jini har bugun zuciya ya rikice, kuma mai ƙarfinsa ya taɓa kashe mutum da ƙunar da ba ta kai kashi 3 cikin 100 na fatar jikinsa ba. Duk wanda ya san waɗannan ba zai ce tambayar da gwajin ke yi ta banza ce ba.

Abin da ake yi a ɗakin gwaji

Ƙa'idar da duniya ta fi bi ita ce mai lamba 402 ta OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, wadda hedkwatarta ke Paris. An fara amincewa da ita a 1981, aka gyara ta a 1987, aka sake yi mata kwaskwarima mai zurfi a 2017.

A tsarin yanzu ɓera ake amfani da shi, yawanci mace, mai nauyin giram 200 zuwa 300. Akan bar dabbar aƙalla kwana biyar ta saba da wurin. Ana gobe gwaji sai a aske gashin bayanta a hankali don kada a ji wa fatar rauni, domin ko ɗan ƙwarzane zai canja sakamako. Wurin da za a shafa ya kai kimanin kashi 10 cikin 100 na faɗin jikinta. Idan sinadarin gari ne sai a jiƙa shi don ya kama fata. A rufe da auduga mai shan iska, a manne da filasta, a keɓe dabbar ita kaɗai don kada ita ko wata ta lashi abin, domin da zarar ta lasa gwajin ya koma na baki. Haka za ta zauna awa 24, sannan a cire, a wanke abin da ya rage.

Daga nan sai sa ido na kwana 14. A awannin farko akan duba akai-akai, daga baya kullum. Ana neman karkarwa, jijjiga, dalalar miyau, gudawa, kasala, wahalar numfashi, canjin tafiya, suma. Ana auna nauyinta mako-mako. Dabbar da aka ga tana cikin matsananciyar azaba ko ta kama hanyar mutuwa, ƙa'ida ta ce a kashe ta ta hanyar da ba za ta wahala ba, a kuma lissafa ta cikin waɗanda gubar ta kashe. A ƙarshen kwana 14 waɗanda suka rayu ma kashe su ake yi, a buɗe cikinsu a duba hanta da ƙoda da huhu da sauran kayan ciki. Wannan gaskiya ce da bai kamata a lulluɓe ta ba: babu dabbar da ke fita daga wannan gwaji da ranta, ko da sinadarin bai yi mata komai ba.

Babban abin da gyaran 2017 ya canja shi ne yawan dabbobi. A tsohon tsari akan raba dabbobi rukuni-rukuni, biyar a kowane mataki, matakai aƙalla uku, a ƙara da wani rukuni na ɗaya jinsin. Ko sinadarin da ake kyautata zaton ba shi da guba sai an ɗora wa maza biyar da mata biyar. Zomo da ɓeran Masar ma ana amfani da su. Yanzu an tsayar da matakai huɗu: miligiram 50, 200, 1000 da 2000 ga kowane kilo na nauyin jiki. Da dabba ɗaya ake farawa, a jira aƙalla awa 48 a ga abin da ya same ta, sannan a yanke shawarar hawa sama ko sauka ƙasa. In an gano matakin da ya dace sai a ƙara biyu don tabbatarwa. Ta haka dabba uku kan iya isa. Ƙa'idar ta kuma hana ɗora sinadarin da aka riga aka san yana cin nama, irin asid mai ƙarfi ko soda mai ƙarfi, tunda babu abin da za a ƙaru da shi sai azaba.

Daga lamba zuwa alamar jikin durom

Sakamakon gwajin lamba ce da ake kira LD50, wato adadin da ake hasashen zai kashe rabin dabbobin da aka ba. Wani masanin magunguna ɗan Birtaniya, J. W. Trevan, ya fito da wannan awo a 1927, kuma don daidaita ƙarfin magunguna irin su insulin ya ƙirƙire shi. Daga baya ne hukumomi suka mayar da shi ma'aunin kowane sinadari. Yadda ake karanta shi yana rikita mutane: ƙaramar lamba ita ce babbar guba, domin tana nufin kaɗan ya isa ya kashe.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da tsarin bai-ɗaya na rarraba sinadarai da yi musu alama, wanda aka fara bugawa a 2003. A ɓangaren fata, aji na 1 shi ne miligiram 50 ko ƙasa da haka ga kowane kilo, aji na 2 daga nan zuwa 200, aji na 3 zuwa 1000, aji na 4 zuwa 2000. Ukun farko suna ɗauke da hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu a giciye. Aji na 1 da na 2 ana rubuta musu cewa taɓa fata na iya kisa, na 3 a ce mai guba ne, na 4 kuma alamar motsin rai (!) yake ɗauka tare da gargaɗin cewa yana cutarwa. Akwai aji na 5 har zuwa 5000, amma Tarayyar Turai da hukumar kare lafiyar ma'aikata ta Amurka ba su ɗauke shi ba.

Domin a ji nauyin lambobin: ɓera mai giram 250 a mataki mafi girma rabin giram ake shafa masa. Idan aka yi lissafin kai tsaye a kan mutum mai kilo 70, miligiram 2000 ga kilo ya zama giram 140, miligiram 50 kuma giram uku da rabi kacal. Lissafin nan don kwatance ne kawai, bai halatta wa kowa ya ce zai jure abin da bai kai haka ba. Amma yana nuna irin tazarar da ke tsakanin aji na 1 da sinadarin da bai shiga kowane aji ba. A kan wannan tazara ake tsara irin mazubin da za a zuba sinadari, da yadda za a yi jigilarsa a mota ko jirgi, da kayan kariyar da za a ba ma'aikaci, da abin da likitan gaggawa zai fara yi.

Inda gwajin ya gaza

Matsala ta farko ita ce fatar ɓera da ta zomo sun fi ta mutum saurin shan sinadari. Ta alade ce ta fi kusa da tamu. Masu kare gwajin na cewa wannan kuskure ne mai amfani, tunda ya fi karkata ga tsananta gargaɗi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, sai dai ba kullum ba, domin bayan sinadari ya shiga jini, yadda hantar ɓera ke sarrafa shi na iya bambanta da yadda ta mutum ke yi, kuma bambancin na iya faɗawa kowane ɓangare. Lambar kanta ba ta da tsayayyen ƙafa: sinadari ɗaya kan ba da sakamako mabambanta a ɗakunan gwaji biyu, gwargwadon irin ɓeran, da abin da aka jiƙa sinadarin da shi, da yadda aka ɗaure bandejin.

Matsala ta biyu ta fi girma, kuma ita ce nake ganin ya kamata kowa ya riƙe. Gwajin taɓawa ɗaya yake aunawa, a lafiyayyar fata, a jikin matashiyar dabba, cikin kwana 14. Bai ce komai ba game da mutumin da hannunsa ke cikin sinadarin kullum shekara goma. Bai ce komai ba game da kansa, ko rashin haihuwa, ko lahani ga ɗan tayi, ko lalacewar jijiyoyi sannu a hankali. Sinadarin benzin na masana'antu misali ne: lambarsa ta fata tana da girma har bai shiga ajin gubar farat ɗaya ba, amma an daɗe da tabbatar da cewa yana haddasa kansar jini ga masu aiki da shi. Gam ɗin ifoksi ma ba ya kashe ɓera ta fata, amma ya raba ma'aikata da dama da sana'arsu saboda fatarsu ta tsane shi. Waɗannan illoli da nasu gwaje-gwajen daban.

Akwai kuma gubar da ke yin lamo. A watan Agustan 1996, Karen Wetterhahn, farfesar kimiyyar sinadarai a kwalejin Dartmouth da ke Amurka, ƙwararriya a kan gubar ƙarafa, ɗigo ɗaya ko biyu na dimetilmakuri, wani sinadari mai ɗauke da zaiba, ya zuba a kan safar roba da ke hannunta. Ta bi duk ƙa'idar da aka sani a lokacin. Sai bayan kimanin wata biyar ta fara tangaɗi, maganarta ta fara sarƙewa, ta rasu a watan Yunin 1997 tana da shekara 48. Binciken da aka yi daga baya ya nuna sinadarin na ratsa irin wannan safa cikin daƙiƙoƙi. An san sinadarin mugun guba ne tun kafin nan. Abin da ba a auna ba shi ne safar.

Me ya sa hukumomi suka fara ɗauke shi

Tun 1959 wasu masana biyu a Birtaniya, William Russell da Rex Burch, suka shimfiɗa ƙa'idoji uku da yanzu suka shiga dokokin ƙasashe da dama: a maye gurbin dabba da wata hanya inda zai yiwu, a rage yawansu inda ba zai yiwu ba, a kuma sassauta wahalar waɗanda suka rage. A 2002 OECD ta soke tsohon gwajin LD50 na baki gaba ɗaya, ta bar hanyoyi masu cin dabbobi kaɗan.

Hujjar da ta raunana gwajin fata daga tsofaffin takardun gwajin kansu ta fito. Kusan kowane sinadari ana gwada shi ta baki kafin a zo kan fata. Da masu bincike suka jera sakamakon biyun gefe da gefe, sai suka ga abin da hankali ma zai bayar: hanji ya fi fata saurin tsotsar abu, don haka sinadarin da bai yi illa ta baki ba da wuya ya yi ta fata. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta duba haɗe-haɗen magungunan ƙwari kusan 600 da aka yi wa gwajin biyu, ta tarar a mafi yawansu gwajin fata bai ƙara komai a kan gargaɗin da na baki ya riga ya bayar ba. A 2016 ta ba da damar a nemi a yafe shi, a 2020 ta faɗaɗa damar zuwa ainihin sinadaran da ake haɗa magungunan da su. Tarayyar Turai ma a 2016 ta gyara dokarta ta sinadarai mai suna REACH, wadda ta fara aiki a 2007, ta ce ba a buƙatar gwajin fata idan sinadari bai nuna guba ta baki ba kuma babu wata shaidar cewa ya taɓa yin illa a cikin jiki ta hanyar fata.

Masu taka-tsantsan na da abin cewa, kuma bai kamata a yi watsi da shi ba. Akwai 'yan tsirarun sinadarai da suka fi guba ta fata. Dalili kuwa shi ne abin da aka haɗiye yakan fara bi ta ciki da hanta, inda ake iya karya ƙarfinsa kafin ya zagaya jiki, wanda ya shiga ta fata kuwa kai tsaye yake faɗawa jini. Idan aka yafe gwajin ido rufe, irin waɗannan na iya sulalewa da gargaɗi mai rauni, kuma ma'aikaci ne zai ɗanɗana kuɗarsa.

Ya kamata kuma a san iyakar hanyoyin da ba na dabba ba. A ɓangaren ƙuna da kumburin fata an ci nasara sosai: ana raino fatar mutum a ɗakin gwaji daga ƙwayoyin halitta, kuma OECD ta amince da ita a 2004 don gane masu cin nama, a 2010 don gane masu sa kumburi. Ana kuma iya auna yawan sinadarin da ke ratsa guntun fatar mutum da aka samu daga tiyata. Amma guntun fata ba shi da hanta, ba shi da zuciya. Abin da ke maye gurbin gwajin gubar farat ɗaya a yanzu haɗa hujjoji ne: sakamakon baki, awon ratsa fata, abin da aka sani game da sinadarai masu kama da shi, lissafin kwamfuta, da bayanan mutanen da hatsari ya taɓa rutsawa da su.

A ganina hujja ta rinjaya zuwa ga cewa gwajin ya zama zaɓi na ƙarshe. Ɓera yana jin zafi, kuma kashe shi don a cike gurbi a fom, alhali amsar tana cikin wata takarda da ke kan tebur ɗaya, abu ne da ba shi da madafa. Inda kuwa akwai dalilin zargin cewa sinadari na cikin 'yan tsirarun nan, kuma dubban hannaye za su taɓa shi, ban ga laifin wanda ya ce a gwada a kan dabba uku ba.

Tsugune dai ba ta ƙare ba, saboda ƙasashe ba su daidaita ba. Tun 1981 ƙasashen OECD suka amince cewa gwajin da aka yi bisa ƙa'ida a ƙasa ɗaya sauran za su karɓa, daga baya ƙasashe irin su Indiya da Brazil da Afirka ta Kudu suka shiga yarjejeniyar. Wannan ya hana maimaita gwaji ɗaya sau da yawa. Amma yafewar da wata hukuma ta yi ba ta ɗaure wata ba. Kamfanin da ke son sayar da kayansa a kasuwanni da dama yakan yi gwajin don gamsar da mafi tsananin cikinsu, ko da sauran sun ce ba sa buƙata.

Abin da ya shafi mai aiki da sinadarin

Duk wahalar da dabbar ta sha, amfaninta ɗaya ne: gargaɗi ya isa ga wanda zai taɓa sinadarin. A nan ne aka fi yin asara. Ana juye sinadari daga durom mai alama zuwa jarka ko kwalbar da babu rubutu, ko lakabin ya kasance cikin harshen da ma'aikacin ba ya karantawa, ko a kulle takardar bayani a ofis alhali aikin a fili ake yin sa.

Kowane sinadarin masana'anta ya kamata ya zo da takardar bayanan kariya mai sassa 16. Sashe na 2 ne ke faɗin ajin haɗarinsa, na 4 taimakon gaggawa, na 8 kayan kariya, na 11 kuma sakamakon gwaje-gwajen guba, inda za a ga lambar LD50 ta fata da dabbar da aka yi amfani da ita. Nan gaba za a riƙa yawan ganin gurbin lambar babu komai, ko an rubuta cewa an yafe gwajin. Wannan na iya nufin hukuma ta gamsu da wasu hujjoji, yana kuma iya nufin babu wanda ya taɓa dubawa, don haka mai karatu ya koma sashe na 2 ya ga abin da aka ce game da sauran illolin.

Safar hannu ma iri-iri ce, kuma kowace da sinadaran da take iya tarewa da tsawon lokacin da take ɗauka kafin su ratsa ta. Siririyar safar asibiti ba ta tare yawancin sinadaran narkar da fenti. Safar da sinadari ya shiga cikinta ta fi hannu tsirara haɗari, domin ta maimaita abin da bandejin gwaji ke yi wa ɓera: ta danne gubar a kan fata mai gumi na tsawon awanni. Haka rigar aiki da ta jiƙe, haka takalmin fata, wanda ke tsotse sinadari ya riƙe shi, wanki kuma ba ya fitar da shi. Wanke hannu da fetur ko tina yana kwashe maiƙon da ke tsare fata, ya buɗe wa abin da zai biyo baya hanya.

Idan sinadari ya zuba a jiki, a tuɓe tufafin da ya jiƙa nan take, a kwarara ruwa mai yawa na aƙalla minti 15, kada a jira sai an ji zafi, domin fenol yana kashe jin zafin, hidirofulorik mai ruwa-ruwa kuma yakan yi awanni kafin raɗaɗinsa ya taso. Wanda ke taimakawa ya kare nasa hannun. Wasu sinadaran suna da maganinsu na musamman, kamar man kalsiyam gulukonet da ake shafa wa ƙunar hidirofulorik, kuma wajibi ne a tanade shi a wurin aikin tun kafin a buɗe durom ɗin farko. A tafi asibiti da lakabin ko takardar bayanin a hannu, saboda likita ya san sunan abin da ya shiga jini.